Akwatin da Ke Mutuwa Idan Na Fita

Shekarar da Baba ya rasu na tattara kayana daga Sakkwato na dawo Gummi. Ba wanda ya ce in dawo. Ƙanwata tana aure a Anka, gida ya rage daga Inna sai kaji da tumakinta, ni kuma ni ne ɗan fari, ni kaɗai ne namiji. Bayan masu gaisuwa sun watse na ga tana auna garin tuwon mutum biyu, ta tuna, ta rage, gobe kuma ta sake mantawa. Daga nan na san ba inda za ni.

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce: biki, suna, walimar saukar karatu. In ɗauko, in zauna in yanke inda amarya ta yi hamma da inda kawun ango ya tsaya gaban kyamara yana sosa ƙeya, in haɗa sauran ya zama abin kallo. A Sakkwato ina yi ne a shagon wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ke sayar da kayan kwamfuta a gaba, a baya kuma yana da ɗakin haɗa bidiyo. Can komai nasa ne. A Gummi kuwa abin da na mallaka wata tsohuwar laftof ce da ke nishi idan na buɗe hoto biyu a lokaci guda. Idan ina so in zauna gida in ci abinci da sana'ata, dole in sami kwamfutar tebur mai ƙarfi. Idan ban samu ba, sai komawa birni.

Sai na yi bayanin yadda muke da Inna, don in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kai ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, Inna kuwa, da yake uwarta Bafulatana ce, ta ɗauki abin da zafi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yaba mini, ba ta tambayata ko na gaji. Idan abinci ya nuna sai ta fuskanci bango ko kaji ta ce, "A gaya ma mai babur tuwo shina hucewa." Ina zaune taku kaɗan daga inda take. Ƙanwata takan faɗa jikinta su yi ta hira har da shewa, ni kuwa iyakata gaisuwa daga bakin ƙofa. Ina yaro abin ya ci mini rai ƙwarai. Da na girma na saba, amma ban ce na daina jin sa ba.

Da muka sayar da shinkafar fadama ta wannan shekarar, na hau mota zuwa Sakkwato. Abokina ya so ya huta da ni. Ya nuna mini wata kwamfutar tebur ta hannu, haɗaɗɗiya, irin wadda ofisoshi ke sayarwa idan sun gaji da ita.

"Ɗauki wagga ka tahi," ya ce. "Ka jona, ta tashi, shi ke nan."

Na ce ban zo Sakkwato don in ɗauki gajiyar wani ba. Ni zan zaɓi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, in haɗa da hannuna, don ranar da wani abu ya lalace in san inda zan taɓa. Daga Gummi ba a aika yaro shago a gyaro kwamfuta.

Yini muka yi muna jayayya. Shi yana tunanin mutumin birni ne, ni ina tunanin rufin gidanmu. Wutar gwamnati a unguwarmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce, don haka duk abin da zan saya sai faifan sola da batir ɗina sun iya ciyar da shi. Duk abin da ya ɗora kan kanta tambayata ɗaya ce: nawa yake ci? Ya fito da wani katin hoto, wato sashen da ke sarrafa bidiyo a cikin injin, mai fanka uku, dogo, mai fitilu, ya ce da wannan aikin yini zai zama na awa. Na riƙe shi a hannu, raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Amma shi kaɗai zai shanye batir kafin la'asar. Na mayar masa, na ɗauki ƙaninsa mai fanka ɗaya. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na zaɓi matsakaiciya. A wajen ram ne na saki hannu, domin shi ne faɗin tabarmar da injin ke baza aiki a kai, aikin bidiyo kuwa yana son fili. Ma'ajiya na ɗauki biyu, ƙarama mai sauri ta aikin yau, babba mai nawa ta ajiye bukukuwan mutane. Da muka zo kan fawa saflai, abin da ke raba wa kowane sashe wutarsa, abokina ya ce ƙaramin ma ya isa. Na ce a'a, Baba bai taɓa sayen igiya mai araha ya ɗaure sa mai tsada ba, ni ma ba zan fara ba.

Akwatin da za a zuba su ciki ne kawai na zaɓa don kyau. Baƙi ne, gaba da bayansa duk ƙananan huji, a gefe kuma gilashi, kana ganin cikinsa.

A ɗakin Baba na haɗa ta, kan teburin da yake ajiye rediyonsa. Na bar ƙofa a buɗe saboda haske. Inna ta ɗauko faifan shinkafa ta zauna tsinta a inuwar da ba ta saba zama ba, daidai inda za ta iya hango teburin. Na ɗaure madabod, wato faffaɗan allon da komai ke hawa kansa. Na sa firosesa a gurbinta a hankali, domin idan ƙafa ɗaya ta lanƙwashe an yi asara. Na ɗiga mata farin man nan mai kama da na goge baki, na ɗora fanka a kai. Ram ya ƙi shiga sai da na danna har na ji ƙas, zuciyata ma ta ce ƙas. Wayoyi sun ci mini lokaci fiye da komai. Na yi bisimilla na danna maɓalli, fankoki suka juya, monita ta kawo haske.

Na juya ina murmushi kamar wawa. Inna ta riga ta sunkuyar da kai kan shinkafarta. Can sai na ji ta ce wa wata kaza, "To, Allah shi sa abin zama na." Ban ba maganar wani muhimmanci ba a ranar.

Makonnin farko na ji daɗin duniya. Aiki ya fara shigowa daga Gummi, daga Bukkuyum, har Anka ta hannun mijin ƙanwata. Sai dai akwai wani mataki a aikinmu da ba ya buƙatar mutum. Idan ka gama yanka da haɗi, sai ka bar injin ya dafa bidiyon gaba ɗaya ya fitar da shi guda, kuma wannan yakan ɗauki sa'o'i, injin yana aiki da duk ƙarfinsa. Hankali ya ce a sa shi da hantsi lokacin da rana ke cika batir, a hau babur a tafi wani ɗaukan, a dawo a tarar ya nuna. Haka na fara yi.

Na dawo na tarar da kwamfuta a mace. Aikin bai kai rabi ba.

Na ce tsautsayi ne. Na sake sawa, na zauna a gabanta, ta yi aikin tsaf har ƙarshe. Washegari na sa wani na fita, na dawo, a mace. Abin ya zama ƙa'ida: in ina nan lafiyarta ƙalau, in na ba da baya ta mutu. Na zargi inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, na aro ta maƙwabci, bai canza ba. Na zargi batir. Na cire ram na goge na mayar. Na bi kowace waya da yatsa. Na tambayi Inna ko wani yana shiga ɗakin, ta ce wa murhu, "Ba baƙon da ka shiga ɗakin ga." Gaskiya ta faɗa, ni ne ban iya tambaya ba.

Ni mutum ne mai saurin hawa, na gada wajen Baba. Na naɗe akwatin cikin bargo, na rungume shi a gaban mota har Sakkwato, na dire shi kan kantar abokina na ce mushe ya sayar mini. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya jona ta, ya ɗora mata aiki mafi nauyi da yake da shi, muka fita muka ci abinci, muka yi sallah, muka zaga gari. Muka dawo tana aiki abinta, fanka tana juyawa a hankali kamar ba ita ba.

"Injin ga lahiya tai lau," ya ce. "Zahi na. In ta ji zahi ya yi yawa, kashe kanta takai don kar ta ƙone. Gummi taku ai tanda ta."

Na ce ina auna zafinta kullum, bai taɓa wuce kima ba. Ya ce to aljanun gidanmu ne ba su son bidiyo. Duk da haka na sayi babbar fanka na ƙara, na dawo na riƙa barin taga a buɗe. Ba abin da ya sauya.

Lokacin bazara ne, lokacin bukukuwa kafin a shiga gona. Aiki ya taru, ni kuma ba zan iya rabuwa biyu ba. Idan na zauna gadin inji, ɗauka ta wuce ni. Idan na tafi ɗauka, inji ya mutu. Batir kuwa ba ya kai ni ko'ina bayan faɗuwar rana. Wani uban amarya daga Bukkuyum ya zo har gida ya tsaya a zaure ya ce 'yarsa ta kusa haihuwa bai ga bidiyon aurenta ba. Ƙari ya yi, amma mutanen da ke wucewa sun ji, kuma a garinmu magana ba ta kwana wuri ɗaya. Sababbin ayyuka suka fara ja baya.

A wannan tsakanin abokina ya kira. Ya ce kujerata tana nan ba wanda ya hau, in bar wahalar da kaina, in kawo injin mu haɗa da nasa. Inna kuma, ya ce, ai ana aiko mata da abin cefane, haka kowa ke yi. Na yi ta juya abin a raina ina kan babur, a hanyoyin da yanzu ba a bin su sai da addu'a da tambayar waɗanda suka fito. Na san idan na koma, zuwana gida zai zama daga Sallah sai Sallah.

Da na yanke shawara, na tsaya bakin ƙofarta bayan la'asar na ce, "Inna, injin nan ya ƙi. In damina ta faɗi zan koma Sakkwato."

Tana tankaɗe. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. "Allah shi sa haka ya hi alheri," ta ce wa rariya. Na koma ɗaki ina jin haushinta, ina jin haushin kaina. Na so ko sau ɗaya ta ce kada in tafi.

Bayan 'yan kwanaki ina da ɗaukar suna a wani ƙauye ta wajen Zugu. Na ɗora wa injin aiki, ba don ina sa rai ba, sai don hannu ya saba. Ban fita gari ba tayar baya ta sace. Na tura babur wajen mai faci, ya ce sai ya gama da na gabana. Ina tsaye na tuna na bar batirin kyamara guda a caji, sai na ce bari in taka in ɗauko.

Da ƙafa na shigo gida, abin da ban taɓa yi ba tun da na dawo. Kaji ma ba su motsa ba. Na tarar da Inna zaune kan kujerar tsugunno a bakin ƙofar ɗakin Baba, ta ba ɗakin baya, tana jan carbi, kamar mai gadin jariri. Ta gan ni ta zabura za ta shiga, na riga ta.

Babu akwati a kan tebur, sai wani tudu na baƙin gwado. An lulluɓe shi sama da ƙasa, an cusa gefe da gefe a ƙarƙashi da kyau, ko allura ba za ta shiga ba. Daga ciki ina jin fankoki suna ihu iya ƙarfinsu. Na sa hannu, gwadon ya yi zafi kamar murfin tukunya. Kafin in yaye shi ihun ya yanke, monita ta yi baƙi.

Na san gwadon. Saƙin hannu ne mai kauri, rinin shuni, kakata ce ta kaɗa zarensa da audugar gonarsu ta sa cikin kayan auren Inna. A ƙasan adudu yake zama. A rayuwata sau ɗaya na ga an fito da shi, ranar da aka rufa shi kan makarar Baba.

Maganar da ta taso mini a maƙogwaro mai zafi ce, ta tafiyar Sakkwato, da uban amarya, da makonnin da na yi ina zargin wayoyi. Amma da na dubi gwadon sai ta koma. Na tsaya riƙe da shi kamar an dasa ni.

Inna tana bayana. Ba ni ta yi wa magana ba, ƙyauren ɗakin ta fuskanta.

"Zanzaro nig gani shina shiga hujin baya da laka ga baki. Matan unguwa kuma kowa taz zo sai ta leƙa ta taga, gilashi na, ana ganin hanjinai. Abin da anka sawo da shinkahwar shekara ba a barin shi tsirara."

Haka take yi wa duk abin da take ji da shi. Kwanukan jerenta a rufe suke, keken ɗinkinta yana da riga, rediyon Baba ma har ya bar duniya da ɗan ƙyalle a kansa. Da ta ji ƙarar babur ɗina daga bakin lungu sai ta yaye, ta ninke, ta mayar adudu, ta koma wajen murhu. Ba tsoron faɗana take yi ba. Kada dai in gane tana kula da kayana, shi ne abin kunyar.

Na durƙusa, na yi ƙasa da murya. Na ce, "Inna, abin nan numfashi yake yi. Ta hujin gaba yake shaƙar iska, ta na baya yake fitarwa. In an rufe shi, zafi ke kashe shi."

Ta dubi gwadon da ke hannuna. Sannan ta ce, "Ashe ni ka kashe shi." Ta karɓi gwadon daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta shige ɗakinta.

Na tafi sunan a makare. Duk tsawon hanya ban yi murnar gano matsalar ba, ko kaɗan. Tunanina yana kan matar da ta yi makonni tana zama bakin ƙofa cikin zafin bazara tana gadin akwati, alhali kowane zama yana ƙara tura ɗanta Sakkwato. Na tuna abin da ta ce wa kaza ranar da na kunna injin. Ni ina ta jiran ta ce kada in tafi, ita kuwa tun ranar farko take faɗa, da abin da take da shi.

Kwana biyu ba ta kusanci ɗakin ba. Injin ya yi aikinsa ina nan da ba na nan, bidiyon Bukkuyum ya fita, na kai da kaina. Amma gidan ya yi mini wani iri. Ko saƙon tuwo ta bakin kaji ya ɗauke, sai dai in tarar da kwano a rufe a bakin ƙofa. Na lura kuma ƙofarta tana yini a saye, ina jin ƙarar keken ɗinki jefi-jefi, abin da ta daɗe da bari saboda idonta.

Ran da na dawo daga Anka da yamma, da gangan na kashe babur tun daga bakin lungu na turo shi. Na leƙa ɗakin Baba. Gwadon yana kan akwatin, injin kuma yana aiki a hankali, ba ihu.

Ta yanka shi. Ta huda babbar taga a gaba, wata a baya daidai bakin fanka, wata a sama. Kowace taga ta toshe ta da yankin tsohon gidan sauro, iska ta wuce, zanzaro ya tsaya a waje. Gefen gilashin ne kawai ta bari a rufe ruf, saboda matan unguwa. Ɗinkin ya karkace a wurare da yawa, a wani gefen ma ta bi layi ɗaya sau biyu. Na sa tafin hannu a tagar baya, iska mai ɗumi tana fita. Na zauna a kujerar Baba, idona ya cika, ban hana shi ba.

Da na fito tana ba tumaki dusa. Wannan karon ba ta yi gaggawar zuwa ta yaye komai ba. Na tsaya a bayanta na ce, "Inna, na fasa tafiyar."

Ba ta juyo ba. Ta ƙara wa tunkiya dusa, alhali kwanon a cike yake, dusar tana zuba ƙasa.

"A gaya ma mai akwati," ta ce wa tunkiyar, "na auna garin mutum biyu."